Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Wutar da Ta Tashi a Masaƙa

Makon jiya na tsaya a inda na zube kan tabarma bayan sallar isha'i, numfashi yana gagarata, Malam ya fita neman mai babur. To, a asibiti muka kwana. Aka yi mini wata allura da ta sa na yi ta fitsari har asuba, kumburin ƙafa ya ɗan saɓe, na iya kwanciya ba tare da an tara mini matashi uku ba. Farkon Maris ne na 2023, zafin Garwa ya fara nuna hali, saura mako uku a kama azumi.

Kafin wannan dare na yi wata biyar ina haki. Daga ƙofar gida zuwa injin markaɗen gyada, tafiyar da nake yi da kwano a ka tun ina amarya, sai na tsaya sau biyu ina dafa bango. A wani ƙaramin asibiti aka ce asma ce, aka haɗa ni da abin shaƙa. Ba wanda ya latsa ƙafata, balle ya tambayi shekara nawa na yi da ciwon suga. Na yafe, amma abin yana raina.

Da hantsi aka kai ni hoton zuciya, wanda a nan muke ce wa eko. Likitan ya shafa mini wani abu mai sanyi a ƙirji, ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Hajiya, zuciyarki tana matsa jini yadda ya kamata. Sakewa ce ba ta yi. Ta yi tauri, kuma ciwon suga nake zargi."

Sai na ji raina ya ɓaci. Tun 2014 da aka auna ni aka ga awon safe ya haura giram 1.26 a lita nesa ba kusa ba, ban sake jefa suga a shayi ba. Kunun gyada ma salam nake shansa, jikoki suna yi mini dariya. Na faɗa masa haka da ɗan zafi. Bai yi musu ba, sai ya nuna mini takardar awon suga da ke tona asirin wata uku. Ana so ya tsaya ƙasa da 7, nawa ya wuce 9. Gaskiya ƙwayar metformin ɗin, maganin suga, sai na tuna nake sha, tuwon shinkafa kuwa ban taɓa ɗaukarsa dangin suga ba. Sannan ya ƙara wata magana a gurguje, don layi ya yi tsawo: wai kitse ne ya yi wa naman zuciyar yawa.

Kitse! Ni da na yi shekara talatin ina matsar man gyada ina toya ƙuli-ƙuli. Nan take na yanke wa kaina hukunci cewa sana'ata ce ta ci ni. Na wuni ban ce wa kowa uffan ba.

Da la'asar ɗan ƙanena ya zo, wanda ke karatun likita a nan Garwa. Muka zauna a gindin darbejiya, na ce, "To likitan gidanmu, faɗa mini gaskiya, man da nake lasa ne ya taru ya daskare mini a ƙirji?"

Ya yi murmushi ya ce, "Goggo, na kasko yana da nasa laifi, amma yawancin kitsen nan daga rumbun jikinki ya fito."

Abin da ya bayyana mini zan faɗa da bakina, yadda na gane shi. Zuciya tana bugawa kusan sau 100,000 a rana, kuma ba ta da ajiyar ƙarfi sai ta 'yan daƙiƙoƙi, don haka kullum murhunta a kunne yake. Abin mamaki, ko ta mai cikakkiyar lafiya, kitse ne babban itacenta: kashi 60 zuwa 90 cikin 100 na ƙarfinta daga ƙona shi take samu, sauran daga suga da wasu 'yan abubuwa. Gwanintarta ita ce sauyi. Bayan an ci abinci ta karkata ga suga, in ana azumi ko barci ta koma ga kitse, kamar macen da ke da itace da gawayi tana duba wanda ya dace da girkin.

Shi kuma insulin, ni a sanina aikinsa ɗaya ne, shigar da suga cikin tsoka. Ashe yana da na biyu: shi ne mai riƙe da makullin rumbun kitse, wanda ke tumbi da cinya da kewayen hanji. Idan jiki ya daina jin maganarsa, ƙofa biyu ke lalacewa a lokaci guda. Ta suga ta ƙi buɗewa, ta rumbu ta ƙi rufewa. Kitse ya yi ta kwarara cikin jini dare da rana, zuciya kuma ba ta san ta ce ya isa ba, sai ma ta ƙara buɗe masa hanyoyin shiga. Nan na tuna shekarar da na rame, zannuwana suka yi mini yawa, mata a gidan biki suna cewa na koma budurwa, ni kuma ina jin daɗi. Ashe rumbu ne ke zuba.

Ya ce wani masani ɗan Ingila, Philip Randle, shi da abokan aikinsa suka nuna tun 1963 cewa idan tsoka tana ƙona kitse da yawa, ƙonawar da kanta tana danne ƙona suga. Wato ɗan sugan da ya samu ya kutsa ciki ma ba ya samun wuri a murhu. Ga shi kitse ya fi suga cin iska kafin ya ba da ƙarfi iri ɗaya. Wannan kam ba sai an koya mini ba. Duk wadda ta taɓa cusa wa murhu itace fiye da kima ta san ƙarshenta: hayaƙi, hawaye, fifita har hannu ya gaji, tukunya ba ta tafasa ba. Wanda bai ƙone ba sai ya kwanta cikin naman zuciyar kansa, wani ya rikiɗe ya zama abin da ya kira seramid, mai kashe ƙwayoyin tsoka, inda suka mutu kuma tabo ya maye. Sugan da ya yi yawa a jini shi ma yana ƙara sandarar da zaren da ke ɗinke da naman.

Na ce har yanzu ban gane maganar matsawa da sakewa ba. Sai ya kama hannuna na dama, ya dunƙule mini shi. "Goggo, in kina matsar tunkuza, kika matse, sai me?" Na ce sai in buɗe hannu in ɗebo wata. "To in yatsun suka ƙi buɗewa sai rabi fa?" Na yi shiru. Jinin da ya kamata ya shiga ya rasa wuri, sai ya yi cunkoso a baya, ruwa ya tsattsafo cikin huhu, ya sauka ƙafa. Hakin da na sha ke nan, wanda aka yi wa laƙabi da asma.

Wai a 1972 wata likita a Amurka, Shirley Rubler, ta ba da bayanin masu ciwon suga huɗu da zuciyarsu ta gaza, aka duba bayan rasuwarsu aka tarar jijiyoyin da ke ciyar da ita ba su toshe ba. Daga nan aka gane ciwon yana taɓa naman kai tsaye. Bayan shekara 2 binciken garin Framingham na Amurka ya nuna namiji mai suga ya ninka wanda ba shi da shi kusan sau 2 wajen haɗarin gazawar zuciya, mace kuwa kusan sau 5. Sau biyar! Na tuna mata nawa muke haɗuwa a layin awo, kowace tana alfahari ta bar suga a shayi, kowace tana hawa matakala tana nishi ana cewa girma ne. Muna zaton wuta a maƙera, ta tashi a masaƙa.

Ranar da za a sallame ni na tambayi likitan ko in rushe murhun ƙuli-ƙulin. Ya ce a'a, man gyada ya fi man shanu da kitsen nama sauƙi ga jiki, sai dai in riƙa aunawa da cokali, in daina tsiyayawa da ido. Ya ce in rage gishiri da dunƙulen miya, in raba malmalar tuwo biyu in cika gurbin da zogale ko tafasa, in riƙa tafiya da sanyin safiya don tsoka mai motsi tana jan suga ko da insulin ya yi rauni. Ya rubuta maganin fitsari, ya ja mini kunne kan metformin, sannan ya ƙara wani sabo, empagliflozin, mai fitar da suga ta fitsari, wanda tun 2015 aka ga yana rage kwanciya asibiti saboda gazawar zuciya. Maganar azumi kuwa ya ce in dawo da Malam mu yi ta tare.

Muka tsaya a kantin magani a hanyar gida. Yarinyar ta duba takardar, ta danna na'urarta, ta faɗi kuɗin sabon na wata ɗaya. Ni ba na lissafi da sefa, da kwalba nake yi. Na ƙirga kwalaben man da zan matsa kafin in biya shi, na ƙirga har na ƙare yatsun hannu biyu ban kai ba. Malam ya sa hannu a aljihu, ya fito da shi, ya ce a ba mu sauran biyun tukuna. Takardar na naɗe na ƙulle a bakin zanena.

Yadda ta kaya tsakanina da shi a daren nan, da maganar azumin, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.