Jiƙa nagatif kafin sikanin: abin da aikin ya koya mini

Aikina shi ne kwashe tsofaffin nagatif na situdiyo in mayar da su kwamfuta. Yawancinsu fim ɗin 120 ne, wato mai faɗin nan da ya fi na ƙananan kamarori, baƙi da fari, sun daɗe a cikin ambulan da gwangwanin biskit, duk sun lanƙwashe sun karce. Sikanar da nake amfani da ita Epson V750 ce, wadda a da ake sayar da ita da wani faranti na gilashi don jiƙa fim. Dabarar ta samo asali ne daga manyan sikanonin ganga na gidajen ɗab'i.

Yadda ake yi ba wuya a faɗe. Ka goge farantin tas, ka ɗiga ruwan Kami, wani sinadari da ake yi musamman don wannan aiki, ka shimfiɗa nagatif a kai, ka ƙara ɗigawa, sannan ka rufe da ledar Mylar mai garai-garai. Sai ka bi da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa gefe kana koro kumfa, ka manne bakin da salatif. Hannu ne ke koyo, don kumfa ɗaya da ba ta kai ƙwayar gero ba, in ta zauna a kan idon mutum a hoton, sai an sake daga farko.

Karcen da ke bayan fim yana warwatsa haske, shi ya sa yake fitowa kamar farin zare. Wannan ruwa yana karya haske kusan daidai da robar fim ɗin, don haka in ya cike ramin sai hasken ya wuce kai tsaye. Kamar takardar da aka naɗe ƙosai ce, inda mai ya taɓa sai ka riƙa hango abin da ke bayanta. Haka kuma zobban Newton, waɗannan da'irori masu launin bakan gizo da ke fitowa in fim ya ɗan taɓa gilashi, suna ɓacewa tunda ba sauran iska a tsakani. Fim ɗin ma yana kwanciya shar.

Wani zai ce ai sikanar tana da Digital ICE mai share ƙura da karce. Tana da shi, kuma a fim mai launi yana biyan buƙata, shi ya sa ba kasafai nake jiƙa waɗannan ba. Amma shi da wani haske da ido ba ya gani yake gano datti, azurfar da ke cikin fim baƙi da fari kuwa tana tare wannan hasken. Sai na'urar ta ɗauki hoton kansa a matsayin datti, ta dagula fuskokin mutane.

Abin da ruwan ba ya yi shi ne gyara saiti. Lensin da ke ɗaukar fim a wannan sikana ya fi gani sosai a wajen milimita 3 sama da gilashinta, kuma kowace na'ura da ɗan bambancinta. Sai ka gwada da siraran takardu a ƙarƙashin farantin har ƙwayoyin fim su fito rau. Wanda bai yi wannan ba, ko ya juye kwalba guda hotonsa zai fito dishi-dishi. Kada kuma 6400 dpi, wato yawan ɗigon hoto a kowane inci, da aka rubuta a kwali ta ruɗe ka, abin da ake samu a zahiri bai kai rabin haka ba.

Hunturu shi ne babban abokin gaba. Ruwan ba ya kawar da ƙura, danne ta yake yi a ƙarƙashin leda, kumfa kuma ta taru a kewayenta. Nakan kashe fanka, in goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma, in yi aikin da sassafe kafin titi ya tashi. Da bazara kuwa Kami yana saurin bushewa, iska ta fara kutsowa ta gefe tun sikanin bai ƙare ba, balle a ɗauke wuta a tsakiya. Yana kama wuta, ƙamshinsa kuma yana hawa kai, don haka nesa da janareta. Ba a zuba shi a gilashin sikanar kanta, zai iya zurarawa ciki.

Yanzu abin da ya fi cin lokacina shi ne tantancewa. Masu hoton dā sukan bi fuskar mutum da fensir a jikin nagatif su share ƙuraje da tamoji. In ka karkata shi ga taga za ka ga aikin yana ɗan ƙyalli. Irin wannan ba na kusantar da shi da ruwa, don zai iya wanke gyaran da mai hoton ya yi da hannunsa. Haka wanda fatar maganinsa ta fara ɓarewa, da mai warin tsami, da wanda aka rubuta NITRATE a gefensa, wato tsohon fim mai saurin kama wuta. Wanda fumfuna ta cinye kuwa, ba abin da ruwa zai dawo da shi. Duk waɗannan a bushe nake sikaninsu, in zauna in share tabon a kwamfuta. Wanda ake so a buga babba a rataye a bango, kuma lafiyarsa ƙalau ban da karcen baya, shi nake jiƙawa.