Man Gujiya a Maraɗi: Lissafin Lokaci Kafin Sayen Sabon Inji

Idan aka tambayi masu ƙananan injinan tatsar man gujiya a Maraɗi abin da ke hana sana'arsu ci gaba, yawancinsu sukan ambaci ƙarancin jari ko tsufan inji. A ganina akwai matsalar da ta riga waɗannan, wato rashin daidaita lokacin sayen gujiya da lokacin tatsa da kuma ranar da man zai bar gari.

Gujiya sau ɗaya take shigowa a shekara, da kaka, sa'ad da buhuna ke cika kasuwannin Tasawa da Gazawa, farashin tiya kuma ya sauka. Shi kuwa mai kullum ana soya da shi, kuma buƙatarsa tana tashi sosai da azumi da bukukuwan salla. Tun da azumi yakan matso gaba da kwana 10 ko 11 kowace shekara, tsarin bara ba zai yi daidai da na bana ba. Wanda ya zuba dukan jarinsa a gujiya da kaka ya sayi araha, amma kuɗinsa sun ɗaure a mangaza, ga kuɗin haya, ga ɓera da ƙwari, ga danshin da ke sa ƙwaya ta yi fumfuna. Wanda kuma yake saye kaɗan-kaɗan zai tarar da tsada da bazara, lokacin da manoma ke neman iri. Tun a 1913 wani injiniya ɗan Amurka, Ford Harris, ya tsara lissafin auna kuɗin ajiya da kuɗin yawan maimaita oda domin a san adadin da ya fi sauƙi, kuma tushen lissafin bai fi ƙarfin mai littafi da alƙalami ba.

Akwai masu yaba tsarin kamfanin Toyota na Japan, inda ba a tara kaya, sai a kawo su daidai lokacin da za a yi aiki da su. Wannan tsari yana buƙatar hanyar da ba ta yankewa, mu kuwa mun ga yadda Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, mun kuma ga rufewar 2023 da ta tsayar da motoci a Ɗan Isa da Jibiya, garuruwan kan iyakar Nijar da Najeriya, har wutar lantarkin da ke zuwa daga Najeriya ta yanke. A irin wannan hali, ajiye jarkoki da kayan gyaran inji na 'yan makonni wajibi ne, kuma gwargwadon rashin tabbas na hanya, gwargwadon abin da ya kamata a ajiye.

Inda aka fi yin sakaci shi ne rabon kaya. Ɗan kasuwa a Dakwaro ya ji raɗe-raɗin tsada sai ya ninka odarsa, dillali ya ƙara nasa a kai, mai inji ya ɗauka kasuwa ce ta buɗe, ya kwana yana tatsa, bayan wata guda jarkoki su yi jibge babu mai tambaya. Maganin wannan shi ne mai inji ya riƙa tambayar abin da aka sayar a shago da gaske, ya rubuta shi mako-mako, sa'an nan ya lissafa baya: ranar da kamyo zai tashi, kwanakin da mai ke buƙata ya kwanta ya tace, da buhunan da za a fitar daga mangaza. Tunkuza ma tana cikin lissafin, domin masu kiwo sun fi nemanta da rani. Kamyon da ya kai man gujiya arewa ya dawo fanko kuwa, mai kaya ne ya biya zuwa da dawowa, alhali da an shirya tun kafin tashi da ya ɗauko wake ko gero.