Gurbi na 73

Talata. Tun ƙarfe tara nake fama da wani tsohon shirin kwamfuta, wanda aka rubuta da harshen FORTRAN, da Malam ya ba ni na lissafin ruwan madatsa, har azahar ban gano abin da ke damunsa ba. Bai tsaya ba, bai nuna kuskure ba, amma amsar da yake fitarwa ko kusa. Da Malam ya dawo daga masallaci sai ya leƙo ta bayana, ya ɗora yatsa a allon kwamfutar yana ƙirga haruffa ɗaya bayan ɗaya kamar mai jan carbi. "Ka wuce saba'in da biyu," in ji shi. Ashe layin da na ƙara jiya ne. Na rubuta 1000, sifilai biyu na ƙarshe suka faɗa gurbi na 73 da na 74 na layin, injin kuwa a gurbi na 72 yake tsayawa, sai ya karanta 10 abinsa.

Na ce, "Malam, to mene ne laifin gurbi na 73?" Ya yi dariya ya jawo kujera. Ya ce lokacin da John Backus da abokan aikinsa na kamfanin IBM suka fito da FORTRAN a 1957, kati ake hudawa a ba kwamfuta, mai gurbi 80, kowane kati layi guda. Na'urar karanta kati ta kwamfutar IBM 704 kuwa 72 kaɗai take ɗauka, don kalmar injin, wato abin da yake riƙewa a lokaci guda, bit 36 ce (kowane bit sifili ne ko ɗaya), biyunta 72 ke nan. Takwas ɗin da suka rage aka bar wa lambar jeri, saboda ranar da tulin katin zai zube ƙasa. Shi ma nasa ya taɓa zubewa yana ɗalibi, kuma bai sa lambar ba. Bai ƙarasa wannan labarin ba, ya dai girgiza kai.

Har sunayen da ke cikin shirin, da ba sa wuce harafi shida, waɗanda na ɗauka rowar tsofaffi ce, daga nan suke: harafi ɗaya bit shida, shida sun cika kalma. 

Abin ya ɗan ba ni haushi, gaskiya. Injin da ya riga mahaifina zuwa duniya ya cinye mini wuni guda.

Na raba layin biyu, na sa alama a gurbi na 6 na layi na biyu don injin ya san ci gaban na farko ne, amsa ta fito daidai. Kafin in adana, aka ɗauke wuta.