Jiniyar ranar Laraba

Ban fi sati biyar da sauka Dalas, a jihar Teksas ta Amurka, ba abin ya faru. Ƙarfe sha biyun rana ina zaune a falo ni kaɗai, maigida na ciki yana barci don aikin dare yake yi, kawai sai naji wani irin kuka ya cika gari, yana hawa yana sauka, ta gabas ta yamma, ba na motar asibiti ba ba na 'yan kwana-kwana ba. Abin da ya faɗo min a rai shi ne ƙaho. Ƙahon ranar dawowar Yesu da muka taso muna ji a Littafi Mai Tsarki, 1 Tasalonikawa sura 4. Na tashi a guje na tura ƙofar ɗaki in ga ko mijina yana nan ko an fyauce shi zuwa sama tare da masu bi an bar ni. Yana kwance yana barcinsa. Na durƙusa a bakin gadon ina kuka jikina na rawa har ya farka, ya rungume ni yace jiniyar guguwa ce, gwada ta suke yi duk Larabar farko ta wata da tsakar rana, ya manta ne bai faɗa min ba.

Toh amma ba jiniyar ce ta jawo ba, da ma can na riga na cika na batse. A ƙarshen Janairu 2023 na zo, takardar izinin aiki bata fito ba, ban iya tuƙi ba, kuma wanda ya san Teksas ya san in baka da mota kamar an ɗaure maka ƙafa ne, ko maƙwabta ba ka gani, daga mota sai ɗaki daga ɗaki sai mota. Waya ce ta zama abokiyar hirata. A farkon Fabrairu girgizar ƙasa ta afka wa Turkiyya da Siriya, mutum sama da dubu 50 suka mutu, na kalli bidiyo ɗaya a YouTube na wani mai wa'azi yana cewa wannan ita ce alamar da Yesu ya faɗa a Matiyu 24, shikenan fa, kamar na buɗe famfo. Kullum sai an kawo min sabo, yau alamar dabba da 666, gobe kuɗin intanet da wai za a hana kowa saye da sayarwa, jibi na'ura mai tunani ita ce magabcin Almasihu. Ƙarfe ukun dare idona biyu, ƙirjina kamar an ɗora dutse, in na rufe ido sai in ga wuta.

Ni Kirista ce tun haihuwa kuma har gobe na gaskata Yesu zai dawo, kar wani ya ɗauka wannan nake musu. Abin da nake faɗa shi ne a watannin nan na daina iya addu'a. Ina jin wa'azi awa biyar shida a rana amma na kasa yin ko addu'ar Ubanmu wanda ke cikin sama.

A nan ƙasar bishara tana ko'ina. Kan babbar hanya zaka ga ƙaton allo yana tambayarka in ka mutu yau da dare ina zaka, ga lambar waya a ƙasa. A ƙofar gida a rataya maka kati, a gilashin mota a maƙala maka takarda, a rediyo tasha guda sukutum ba abin da take yi sai annabci. Kuma sun san inda ke yi wa mutane ƙaiƙayi, ba kasafai suke farawa da zancen zunubi ba yanzu, da damuwa suke farawa, rashin barci, kaɗaici, bashi, tsoron yaƙi. Cibiyar bincike ta Pew ta fitar a 2022 cewa kashi 39 cikin ɗari na manyan Amurkawa sun yarda muna cikin kwanakin ƙarshe, ka ga kuwa masu sauraro ba kaɗan ba ne.

Ranar 6 ga Mayu wani ya buɗe wuta a wata kasuwa a Allen, nan arewa da Dalas, ya kashe mutum takwas har da yara. Sati biyu ban leƙa waje ba sai da kayan wanki suka taru dole na je ɗakin injinan wanki na rukunin gidajenmu. A can na haɗu da wata dattijuwa da nake kira Mama. Baƙar fata ce 'yar nan, ta haura saba'in, ba ma a gidajenmu take ba, zuwa take yi takanas ta zauna a wurin da katunanta a jaka don ta san duk wanda ya zuba kaya sai ya yi zaman jira. Ta dube ni tace 'yata, yaushe rabonki da barci? Ko sannu ban iya ce mata ba hawaye ya ɓalle. Bata buɗe min aya ba bata ce in tuba ba, ta taya ni ninke kaya, sai da zan tafi ta miƙo katin. Gabansa tambaya ce, kina tsoron abin da ke zuwa wa duniya? Nace a raina ga wani kuma. Da na juya bayan sai naga lokacin ajin Turanci da na koyon dokokin tuƙi ranar Talata kyauta, nazarin Littafi Mai Tsarki ranar Alhamis, can ƙasa kuma 988, lambar da ake kira dare ko rana a duk faɗin Amurka in damuwa ta kai mutum maƙura. Da biro ta ƙara tata lambar.

Ita ta zo ta ɗauke ni Talatar farko. Ƙaramin coci ne, ajin a wani ɗaki na baya, mu kusan goma sha biyar, 'yan Kwango, 'yan Benezuwela, da wasu mata biyu Musulmi 'yan Afganistan da lulluɓinsu. Mutanen cocin basa ɓoye cewa burinsu kowa ya san Yesu, suna faɗa ƙarara, amma ban taɓa ganin an ce wa matan nan sai kun zo sujada kafin a koya muku ba, kuma har suka gama ajin suna kan addininsu ana gaisawa da mutunci. Wannan ya kwanta min a rai ƙwarai. A filin ajiye motocin cocin nan Mama ta koya min tuƙi da tsohuwar motarta cikin zafin Yuli da ya haura digiri 40, ina taka birki da ƙarfi tana cewa a hankali 'yata, ba inda zamu je. Tsohuwar nas ce, ita ce ta matsa sai na ga likita kan bugun zuciyar nan, tace addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne, Luka ma da ya rubuta bishara likita ne. Da nace mata kunya nake ji a ce mai bi tana da ciwon damuwa, sai tace ai ko wata biyu ba a yi ba da babban likitan gwamnatin ƙasar ya fito ya ce kaɗaici ya zama annoba a Amurka, ke kuma kin baro uwa da dangi kin zo kin shige ɗaki, me kike tsammani?

Ajin Alhamis ne na fi jin tsoro don littafin Wahayin Yahaya suke bi. Kuma fa mutanen nan sun yarda da fyaucewa sosai, akwai dogon zane a bango na shekara bakwai na tsanani da mulkin shekara dubu. Faston yace mana wannan tsarin John Nelson Darby ne ya shimfiɗa shi a shekarun 1830, ya yaɗu a Amurka, makarantar tauhidi ta nan Dalas da aka kafa a 1924 tana cikin manyan masu koyar da shi, kuma akwai masu bi na gaskiya da yawa da basu fahimci littafin haka ba. Ban taɓa jin mai wa'azi ya faɗi haka ba, ni na ɗauka duk Kiristan duniya abu ɗaya suka sani. Sannan ya ba mu labarin William Miller, manomi mai wa'azi a jihar New York, da mabiyansa suka tsayar da 22 ga Oktoba 1844, wasu suka bar amfanin gona a gona ba girbi wasu suka rabar da dukiya, gari ya waye ba abin da ya faru. Da Harold Camping mai gidan rediyo a Kalifoniya da ya cika tituna da alluna cewa 21 ga Mayu 2011 ce ranar, da ta wuce ya mayar Oktoba, daga baya ya fito ya amsa cewa ya yi kuskure. Wani dattijo a ajin yace shi da idonsa ya ga motocin da aka liƙa wa kwanan watan suna yawo. Faston ya buɗe Matiyu 24 ɗin nan dai da ake firgita ni da ita, ya sa ni na karanta aya 36 da bakina, inda Yesu ya ce ranar da sa'ar ba wanda ya sani, ko mala'iku, sai Uban. Na karanta da Turanci yace in sake da harshenmu. Na ɗauko Littafina na Hausa, muryata na rawa na karanta, ɗakin ya yi tsit.

Ni dai abin da na gani da idona, waɗancan na waya da waɗannan na coci ayoyi ɗaya suke riƙe da su. Amma na waya in na warke ya yi asara, don tsorona ne ke dawo da ni in kalli na gaba, kuma ƙarshen kowane bidiyo akwai littafin da zaka saya ko gudummawar da zaka tura. Bai san sunana ba, ban da lambar da zan kira shi ƙarfe uku na dare. Na kira Mama a irin wannan lokacin sau biyu kuma ta ɗauka. Har yau abin na min ciwo in na tuna 'yan'uwanmu sabbin zuwa nawa ne ke kwance a ɗaki yanzu haka da waya a hannu, ba takarda ba aiki ba kowa, ana zuba musu wuta a kunne da sunan bishara. Da yaƙin Gaza ya ɓarke a Oktoba bidiyoyin suka dawo kamar ambaliya, na koma ruwa na kwana uku, sai maigida ya karɓi wayar muka goge tashoshin tare ɗaya bayan ɗaya.

Sai ga husufin rana na 8 ga Afrilu 2024, kuma ta kan Dalas inuwar zata bi. Lokacin na samu lasin, na fara aiki a gidan kula da tsofaffi, na shiga ƙungiyar bishara ta cocin. Maganganu suka yi yawa, wai hanyar wannan da ta husufin 2017 sun gitta juna sun zana alama a tsakiyar Amurka, wai zai bi ta garuruwa masu suna Nineba don haka gargaɗin Yunusa ne. A taronmu wani ɗan'uwa ya kawo shawarar a buga kati da hoton baƙar rana a rubuta ko wannan ce ta ƙarshe, yace da tsoro ma ai ana tuba. Ni da ban cika magana ba na miƙe na ba su labarin jiniya, tun daga falo har bakin gado. Nace ɗan'uwa, in ka miƙa wa mace irin yadda nake a lokacin wannan katin, ba coci zata zo ba, ɗaki zata kulle. An ja maganar sosai, shi bai sauka daga ra'ayinsa ba har yau kuma ban riƙe shi a zuci ba, da gaske yake son mutane su tsira. A ƙarshe aka sayo tabarau na kallon husufi, aka haɗa da tsohon katin Mama mai 988 a baya.

Muka je wani filin shaƙatawa muna rabawa. Da safe hadari ya rufe sama kowa ya fidda rai, can gab da lokaci ya yaye. Wajen biyu saura minti ashirin duhu ya sauko, iska ta yi sanyi, tsuntsaye suka rikice, fitilun titi suka kama, rana ta zama baƙin faifai da farin zobe kewaye. Kusan minti huɗu. Mutane na ihu wasu na kuka, wani saurayi kusa da mu da ya karɓi tabarau ya ƙi karɓar kati ya juyo yace wa Mama, Mama da gaske duniya tashi zata yi? Tace ɗana wata rana zata tashi, ban san yaushe ba, amma yanzu dai wata ne ya gitta, ɗago ka kalla kar ya wuce ka. Ni kuwa ina riƙe da hannunta na ji bakina na cewa Ubanmu wanda ke cikin sama da Hausa, har ƙarshe ban tsaya ba.

Haske na dawowa wayata ta yi ƙara, mahaifiyata ce, can gida dare ya yi, an tura mata bidiyo wai Amurka ta shiga duhu da rana tsaka hukunci ya fara. Nace mata lafiya lau muke, ga rana nan ta fito, na juya kyamara na nuna mata filin da yara na guje-guje. Ta yi shiru tana kallo, tace wace ce wannan a gefenki? Nace ita ce wadda nake ba ki labari. Suka ɗaga wa juna hannu, ba mai jin harshen wata. Sai mahaifiyata tace toh ki ce mata na gode, kuma ki kira ni gobe in kin taso aiki.