Talata, bayan ruwan dare

Gari na wayewa na leƙa lambu, abin da na tarar ya sa jikina ya yi sanyi. Tumatir ɗin nan da na yi ta ɗaga wa ƙafa, ina cewa bari ya ƙara nuna, kusan rabinsa ya tsage. Wani tsagar ta taso daga hanci ta gangaro, wani kuma ta zagaye shi kamar zobe.

Da hannuna a ciki, ba zan ɗora wa sama ita kaɗai ba. Kwana 9 ana ƙwalla rana, ƙasa ta bushe ƙamas har ta daddare. Jiya da yamma na duba hasashen yanayi a waya, aka ce babu ruwa sai ƙarshen mako, ni kuwa na tuttula wa shukar ruwa son raina. Can tsakar dare hadari ya haɗo, aka yi ta sheƙawa kamar da bakin ƙwarya. Saiwa ta zuƙi ruwa lokaci guda, cikin tumatir ya kumbura, fatar ba ta iya bin wannan saurin ba, sai ta fashe.

Na tsinke waɗanda suka tsage tun kafin ƙwari da ruɓa su riga ni. Garin haka na ga wasu ɗanyu da baƙin tabo a gindi, wurin ya lotsa. Bara na ɗauka cuta ce har na yi feshi a banza. Ashe kalsiyam, wani sinadari da shuka ke zuƙa daga ƙasa, shi ne bai isa ga 'ya'yan ba, kuma sau da yawa yana nan a ƙasa, sai dai ruwa ne ke kai shi sama. Ruwan nan kuwa yau akwai, gobe babu.

Furanni ma sun zube. Wannan aikin zafin makon jiya ne, don idan ya zarce digiri 32 da rana, dare kuma bai yi sanyi ba, furen tumatir kan kakkaɓe bai ɗaura ɗa ba. Latas dai na haƙura da shi, ya miƙe sama zai yi iri, ganyen ya yi ɗaci.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kunyar da ke jikin katanga, wadda na rufe da busasshiyar ciyawa, shi ma don ragowar ciyawar ta rasa wurin zuwa ne. Guda 2 kacal suka tsage a can. Na ɗaga ciyawar, ƙasar na nan da laushi da sanyi. Saboda haka na wuni ina shimfiɗa wa sauran, na sake kafa sandunan da iska ta kayar, na yanke ganyen ƙasa da laka ta fantsama wa.

Da la'asar rana ta dawo da ƙarfinta, ganyen tattasai ya yi yaushi, har na ɗauko butar ban ruwa. Sai na fara tura yatsa cikin ƙasa. Jiƙe take sharkaf. Na mayar da butar inda na ɗauko ta.