Hantar tarwaɗa

Yau da hantsi ina gyaran tarwaɗar da aka kawo mana daga Daɗin Kowa, sai ƙanwata mai karatun kimiyya ta ɗauki hantar tana jujjuyawa a tafin hannu. Ta ce, "Yaya, irin wannan masana ke aunawa su gane ko ruwan gaɓar teku ya gurɓata. Dalma da zaiba taruwa suke a jikin kifi, ko da ruwan ya yi garau." Har ta kawo zancen Minamata ta Japan, inda a 1956 aka gano cutar da cin kifi mai zaiba ya jawo.

Wallahi jikina ya yi sanyi, yaran Zamfara da dalma ta kashe a 2010 suka faɗo mini a rai. Shekara da shekaru ina watsa wa kaji hantar nan, ban taɓa tambayar wane irin ruwa kifin ya kwana a ciki ba.