Uncharted da Tomb Raider: abin da hannun masu wasa ya koya mini

A ɗakin wasan bidiyo da nake aiki a Bukoki, nan Yamai, wasan ƙwallo ne ke kawo kuɗi. Yara su shigo da dala ashirin, su buga, su fita suna gardama. Wasannin yawon neman dukiya a kangayen tsoffin birane kuwa ƴan tsiraru ne ke neman su, yawanci ɗalibai, kuma sai rana ta take, ɗaki ya yi tsit. Amma sun fi kowa musu, kuma musun nasu ɗaya ne kullum: wai Uncharted kwaikwayon Tomb Raider ne, an cire mace an sa namiji.

Ba na ganin laifin mai faɗin haka. Tomb Raider ya fito a 1996 daga kamfanin Core Design na garin Derby a Ingila, inda Lara Croft ke ratsa kogwanni da kaburbura a Peru, Girka da Masar. Uncharted bai zo ba sai 2007, a PlayStation 3, daga kamfanin Naughty Dog na Amurka, Nathan Drake yana bin sawun zinariyar El Dorado. Ga kangaye, ga hawan bango, ga bindiga, ga wani abin tarihi da miyagu ke so su riga ka ɗauka. Hatta Amy Hennig, wadda ta jagoranci Uncharted, ta yi aiki a Crystal Dynamics, kamfanin da Tomb Raider ya koma hannunsa bayan Core Design. Mai neman hujja ba zai rasa ba.

Sai dai ni aikina ba zaman kallon tele ba ne. Ni ke riƙe da agogo, ni ke buɗe manet, wato abar da mai wasa ke riƙewa a hannu yana danne-danne, in ta ƙi aiki, ni ake kira in wani ya maƙale. A tsaye nake a gefe, don haka hannun mutane nake gani fiye da allo, kuma a nan na koyi yadda ake rarrabe wasa da wasa.

Muna da tsohuwar PlayStation 2 a lungu, wadda ke karanta faifan PlayStation ta farko. Mai buga Tomb Raider na 1996 a kanta, yatsunsa ba su gaggawa ko kaɗan. An gina duniyar wasan da murabba'ai masu girma ɗaya, tsallen Lara kuma a aune yake. Sai ya danne maɓallin tafiya a hankali ya kai ta bakin rami, ya ja ta baya taku ɗaya, ya sheƙa, ya yi tsalle, sannan ya riƙe maɓallin kamu da ƙarfi. Ya kuskura ya sake, ta faɗi ke nan. Har numfashi za ka ga yana riƙewa. Harbi ba shi ne wuyar ba, domin Lara ke saita bindigoginta da kanta, kuma yawancin abin da ke far mata dabbobi ne: jemagu, kerketai, zakuna, kadoji. Babu abokin tafiya, babu mai cewa ga hanya. Mutum kan shafe rabin awa yana zagaya ɗaki ɗaya don neman abin da zai ja ƙofa ta buɗe, kuma in ya gano, daɗin nasa ne shi kaɗai.

Mai buga Uncharted wani mutum ne daban. Drake yana cafke bango da kansa, ba a ce ka auna komai ba, tura ƴar sandar da ke jikin manet kawai ka danna tsalle. Inda gumi yake shi ne wurin musayar wuta: ka fake bayan katanga, ka leƙo, ka saita da babban yatsan dama, ka harba, ka koma. Wannan salon faɗa daga maɓoya ba gadon Lara ba ne. Wasan Gears of War ne ya yayata shi a 2006, kafin shi ma akwai Kill Switch a 2003. In an raunata Drake, launin allo ya koɗe, sai ka ɓuya ya dawo. Lara kuwa sai ta tsinci jakar magani. Sannan Drake ba ya rabuwa da mutane: abokan tafiyarsa Sully da Elena na gefe suna zuba, in ka daɗe kana dawurwura wasan da kansa zai nuna maka inda za ka duba. Ƴan kokowa ma duk walki ne da layu, a kamu ake sanin kowa da gidansu.

Agogon da ke hannuna ya ƙara tabbatar mini da wannan. Wanda ya biya kuɗin minti goma sha biyar ba na ba shi tsohon Tomb Raider, domin lokacinsa zai ƙare bai tsallake rami biyu ba, ya tashi da haushi. Uncharted 2 na 2009 nake sa masa, wanda ke farawa da Drake yana rataye a jikin taragon jirgin ƙasa a bakin ƙaton rami cikin ƙanƙara. Minti biyar sun isa ya ji kuɗinsa ya biya. Haka kuma in an ɗauke wuta lokacin zafi. Uncharted yana ajiye inda ka kai da kansa a kai a kai. Tomb Raider na farko a PlayStation kuwa sai ka tarar da wani lu'ulu'u shuɗi kafin ka ajiye, kuma an ƙidaya su. Na sha ganin fuskar wanda wuta ta ɗauke masa saura ƙiris ya kai lu'ulu'un, abin akwai ban tausayi. Wasa biyu da ke sa in canza yadda nake sayar da lokaci ba za su zama abu ɗaya ba.

Wani ɗalibi da ke zuwa daga jami'ar Abdou Moumouni ya taɓa tare ni, ya ce, "Babban yaya, to Tomb Raider na 2013 fa? Ai hannu iri ɗaya ne da Uncharted."

Na ce, "Ƙanena, gaskiyarka. Amma duba wa ya riga wa."

Domin a wannan karon kibiyar ta juya. Lokacin da Crystal Dynamics suka sake gina labarin Lara tun daga tushe, a tsibirin Yamatai, sai ga fakewa bayan katanga, ga jini mai dawowa da kansa, ga gini na rushewa kana gudu a kansa kamar a fim. Wannan kam aro ne daga wajen Drake, ba na shakka. Suka ƙara nasu: kwari da baka, wutar sansani inda ake inganta makamai da ƙwarewa, da damar komawa wuraren da ka wuce. Kaburbura masu wuyar warwarewa, waɗanda su ne ƙashin bayan wasan 1996, aka mayar da su gefen hanya, ka ga dama ka shiga. Wannan ne ya fi ci mini rai, domin abin da Lara ta fi kowa iyawa ke nan.

Ita Lara ɗin ma ba daga sama ta faɗo ba. Wasan Pitfall! na 1982 ya riga ta tsallake kadoji a daji, Prince of Persia na Jordan Mechner kuma tun 1989 yake auna taku a bakin rami yana rataya da hannu. Ban taɓa jin wanda ya kira ta ɓarauniya saboda haka ba.

Yanzu in sabon mutum ya shigo ya ce in sa masa "irin wasan nan na neman dukiya", nakan tambaye shi minti nawa zai biya, kuma harbi yake so ko nazari. Masu cewa nazari ba su da yawa, amma ina rage musu kuɗin awa, don tsohuwar na'urar lungu ta samu mai zama gabanta.